Yadda ake zuwa Kribi hutun ƙarshen mako daga Arewacin Kamaru ko Cadi ba tare da dogon shiri ba

Mazaunin Duwala zai iya tashi ranar Asabar da safe ya ce yau sai bakin teku, kafin azahar yana zaune a Kribi. Ɗan Arewa ba shi da wannan gatan. Daga Ngaundere zuwa Yawunde kaɗai kilomita 622 ne ta layin dogo, daga can kuma akwai sauran kusan kilomita 280 na mota kafin a ga ruwa. Duk da haka tafiyar tana yiwuwa ko da ranar Laraba aka yanke shawara, muddin an yi lissafin hanya daga ƙarshe zuwa farko: yaushe ne dole ka kasance a wurin aiki ko shago, wane jirgi ne zai dawo da kai, sannan sauran su biyo baya. Yawancin waɗanda tafiyar ke lalace musu ba kuɗi ne ya gaza ba, tikitin dawowa ne ba su riƙe a hannu ba.

Me ya sa Kribi

Duwala gari ne na tashar jiragen ruwa a bakin kogin Wouri, babu rairayin da za ka zauna ka huta. Limbe tana da kyau, ga baƙin yashi na dutse mai aman wuta, ga Dutsen Kamaru a bayanta, kuma kilomita 70 ne kawai daga Duwala. Amma tana cikin yankin Kudu maso Yamma, inda rikici ya ɓarke tun ƙarshen 2016, kuma ranar Litinin harkoki sukan tsaya a sassa da dama na yankin. Baƙon da bai san gari ba, mai kwana biyu kacal, bai kamata ya ɗora wa kansa wannan lissafin ba. Kribi tana yankin Kudu, ga farin rairayi, ga kifi, hanyarta kwalta ce, otal-otal kuma sun saba da baƙin kwana ɗaya ko biyu.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne Disamba zuwa Fabrairu, daidai lokacin da hunturu ya rufe Arewa da ƙura. Satumba da Oktoba ruwa ake yi ba ƙaƙƙautawa, za ka iya ƙare kwanakinka a barandar otal. A Yuli da Agusta ruwan sama yakan ɗan sarara amma teku ya fi fushi. Ka guji makon Kirsimeti da sabuwar shekara da Ista idan ba ka kama ɗaki tun da wuri ba, domin Yawunde da Duwala ne suke juyewa can.

Lissafin kwanaki

Jirgin ƙasa na Camrail yakan tashi daga Ngaundere bayan magariba, wajen ƙarfe bakwai, ya kwana yana tafiya ta Ngaundal, Belabo da Nanga Eboko, ya shiga Yawunde da safe. A takarda awa goma sha uku ne zuwa sha huɗu, a zahiri ka sa ran isowa ko'ina tsakanin ƙarfe takwas da sha ɗaya, domin layin guda ne kuma jiragen kaya suna bin sa. Mai dawowa ma da yamma yake barin Yawunde. Ka tambayi ainihin lokacin tashi a tasha ranar da za ka sayi tikiti.

Mutumin Ngaundere yana da zaɓi biyu. Idan ya hau jirgin daren Alhamis, zai shiga Kribi ranar Juma'a da la'asar, ya samu Asabar cikakkiya, ya bar garin Lahadi da safe, ya hau jirgin daren Lahadi, Litinin da hantsi yana gida. Kwana biyu kenan a bakin teku. Idan kuwa sai daren Juma'a ya samu tashi, zai isa Asabar da la'asar ya juyo Lahadi da safe: kwana ɗaya a Kribi, kwana biyu a jirgi. Wannan na biyun bai cancanci wahalarsa ba, musamman da yara. A nemi hutun Juma'a, ko a jira makon da ranar hutu ta faɗo kusa da ƙarshen mako, kamar 11 ga Fabrairu, 1 ga Mayu ko 20 ga Mayu.

Mutumin Garwa sai ya ƙara kilomita kusan 280 a kowane ɓangare. Ka shiga motar safe, ta ƙarfe shida ko bakwai, a kamfanoni irin su Touristique Express ko Danay Express. Hanyar takan ci awa biyar zuwa bakwai, kuma hawan tsaunin da ke gab da Ngaundere yakan tsaya cak idan babbar mota ta lalace a kwana. Motar ƙarfe goma za ta iya sa ka iso kana jin ƙahon jirgi yana fita. Daga Marwa akwai ƙarin kilomita 200 da ɗoriya, don haka dole a kwana a Garwa ko Ngaundere. Gaskiyar magana, ga mutumin Garwa tafiyar ƙasa kwana biyar ce, daga safiyar Alhamis zuwa yammacin Litinin, na Marwa kuwa tasa ta fi haka.

Wanda ba shi da kwana biyar sai jirgin sama. Camair-Co tana zuwa Garwa, Marwa da Ngaundere, tafiyar kuma ba ta wuce awa biyu ba idan ba a yada zango a hanya ba. Ba kowace rana ake samun jirgi daga kowane gari ba, jadawalin kuma yakan canza, saboda haka ka sayi zuwa da dawowa tare, ka sake tabbatar da lokacin kwana ɗaya kafin tashi. Idan akwai zaɓi, sauka a Duwala ya fi: Kribi kilomita 170 ce daga can ta Edea, wajen awa uku idan ka tsallake cunkoson unguwar Yassa da ke mafitar Duwala. Idan a Nsimalen na Yawunde ka sauka, unguwar Mvan inda motocin Kribi suke tana kan hanyarka ta shiga gari, kada ka bari mai tasi ya kai ka tsakiyar birni ya sake dawo da kai.

Ga 'yan'uwa na Cadi: daga Njamena jirgin sama zuwa Duwala shi ne kaɗai ya dace da ƙarshen mako, domin hanyar Kusiri zuwa Marwa tana cin lokaci kuma tana da matsalar tsaro. Daga Mundu kuwa akwai kwalta ta Tuboro har Ngaundere, kusan kilomita 400, sai a haɗu da jirgin ƙasa. Kuɗin sefa ɗaya ne, babu canji, kuma ɗan ƙasar CEMAC, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Tsakiya da Cadi da Kamaru ke ciki, ba ya buƙatar biza. A riƙe fasfo mai inganci da katin rigakafin shawara, shi ne yake rage dogon zance a shingaye.

Abin da za a yi a yini guda kafin tashi

Fara da tikiti. Ka je tasha da safe da katin ɗan ƙasa na kowane matafiyi, domin da suna ake yankawa. Akwai aji na biyu, aji na ɗaya mai kujera, ɗaki mai gado huɗu da ɗaki mai gado biyu. Kujerar aji na biyu ta daɗe a wajen sefa 10,000, gado kuwa tsakanin 25,000 da 30,000. Gadaje su ne suke fara ƙarewa. Idan aljihu ba zai ɗauki gado sau biyu ba, ka zauna a kujera wajen tafiya ka sayi gado wajen dawowa, tunda daga jirgi wurin aiki za ka wuce. Ka nemi tikitin dawowa nan take. Idan ba a ba ka ba, to da saukarka Yawunde kada ka fita daga tashar sai ka saye shi.

Sai ɗaki. Kira otal biyu ko uku ta waya ka yi tambayoyi huɗu: akwai janareta, kuma ana kunna shi har asuba ko ana kashewa da tsakar dare, akwai tankin ruwa, ɗakin na da na'urar sanyaya ɗaki ko fanka, akwai gidan rawa ko mashaya a jikin ginin. Ta ƙarshen tana da muhimmanci ga mai iyali, domin daren Asabar a wasu wuraren kiɗa ba ya tsayawa sai gari ya waye. Kada ka tura kuɗin ɗaki gaba ɗaya ta Orange Money ko MoMo zuwa lambar da ka gani a Facebook. Idan dole ne kafin alƙalami, na kwana ɗaya ya isa, kuma a turo maka shaida a rubuce. Otal ɗin da ke kan rairayi yakan ninka kuɗin wanda ke cikin gari, alhali tazarar ba ta wuce minti biyar a babur ba.

Kaya jaka ɗaya ta goyo. Tufafi kala uku marasa nauyi, na auduga. Shadda mai sitaci da babbar riga su zauna a gida, laimar Kribi za ta narkar da su a jikinka. Gajeren wando mai rufe gwiwa da riga mara nauyi don shiga ruwa, silifas na roba, ƙaramar darduma, rigar sanyi ɗaya saboda daren Adamawa da sanyin cikin jirgi, lema ko rigar ruwa, man korar sauro, ledoji uku ko huɗu masu kauri, batirin caji na waya, ƙaramin kwaɗo. Ruwan sha lita uku ga kowane mutum don daren jirgi. Kilishi, dabino da gasasshiyar gyaɗa suna ceton ciki idan jirgi ya makara. Kuɗi a raba uku: kaɗan a aljihu cikin ƙananan takardu na 500, 1,000 da 2,000, wani a ɓoye a jiki, sauran a waya. Mai babur da mai kifi ba su da canjin 10,000. Kuɗin dawowa a ware shi daban, kada a taɓa.

Daren jirgi da safiyar Yawunde

Ka isa tasha awa ɗaya da rabi kafin tashi. Yi alwala ka haɗa magariba da isha'i kafin shiga idan lokaci ya ba da dama, domin wurin salla a cikin jirgi ƙunci ne. Tafiyar ta ninka nisan da ake yin kasaru sau da yawa, zaman Kribi kuma bai kai kwana huɗu ba, don haka rangwamen matafiyi yana kanka har ka dawo. A cikin ɗaki, jaka ta kwana a wajen kanka, nesa da taga da ƙofa. A kujera, ka ɗaura igiyarta a ƙafa. Lokacin da aka fi ɗauke kaya shi ne tsayuwar tsakar dare, sa'ad da masu talla suka kewaye tagogi da zuma, ayaba da sandar rogo, mutane na shiga suna fita. Kada a riƙe waya a bakin taga.

A Yawunde, bayan tikitin dawowa ya shiga aljihu, ɗauki tasi zuwa Mvan. Da kaya da iyali gara ka ɗauki motar kai kaɗai, ku yi ciniki kafin ka shiga. Minti talatin ne zuwa arba'in da biyar idan akwai cunkoso. A Mvan yara masu jan fasinja za su kama jakarka, ka riƙe abinka ka tafi wurin yankan tikiti da kanka. Tambaya ɗaya ce mai amfani: motar tana tashi da lokaci ne ko sai ta cika? Leƙa ciki ka ƙirga kujerun da suka rage. Ka ware sefa 5,000 ga kowane mutum, ƙari kaɗan idan mai sanyi ce.

Wanda ya iso ranar Juma'a zai so ya tsaya ya yi salla a unguwar Briqueterie ko ta Tsinga, ya ci tsire a wurin 'yan'uwa. Matafiyi Juma'a ba ta wajaba a kansa ba, tsayawar kuma tana nufin barin Yawunde bayan ƙarfe uku da shiga Kribi cikin dare. Hanyar Yawunde zuwa Edea ita ce babbar hanyar Duwala, cike take da manyan motocin katako da na mai, kuma haɗarinta da dare sananne ne. Ka bar Yawunde kafin sha biyu. Tafiyar awa huɗu ce zuwa biyar. Katin ɗan ƙasa ya kasance a aljihun gaba saboda shingayen jandarma. Mai motar kansa ya tanadi 500 ga kowace ƙofar biyan kuɗin hanya.

Teku ba Binuwai ba ne

Wannan shi ne sashen da bai kamata a tsallake ba. Wanda ya tashi yana iyo a Binuwai, a Lagdo ko a Logon yakan shiga teku da ƙarfin gwiwa, kuma irinsa ne ruwa ya fi ci, domin wanda bai iya ba yakan tsaya a gaɓa. Kogi gefe ɗaya yake ja, kana ganin inda ya nufa. Teku yana turo ruwa gaɓa da igiya, ruwan da ya taru kuma dole ya koma. Yakan koma ta wata siririyar hanya tsakanin tudun yashi na ƙarƙashin ruwa, da gudun da ya fi na gwanin iyo. Abin da ke yaudarar mutane shi ne wurin ya fi ko'ina kwanciya a ido: dama da hagu igiya tana fashewa da farin kumfa, a tsakiya ruwan ya yi duhu ya yi lumus. Baƙo sai ya ce ga wuri mai sauƙi, ya shiga nan.

Kafin kowa ya jiƙa ƙafa, a tsaya a tudu minti biyar a kalli ruwan. Inda ka ga gibi a layin kumfa, ko ruwa mai launin ƙasa yana miƙewa cikin teku, ko ganye da leda suna tafiya waje maimakon dawowa, nan ne hanyar. A tambayi masunta ko ma'aikacin otal inda 'yan gari suke wanka, a shiga nan kaɗai. A nisanci bakin kogin Kienke da ke tsakiyar gari da bakin Lobe, inda ruwan kogi ke haɗuwa da na teku, da kuma gefen duwatsu, domin igiya ɗaya ta isa ta buga mutum a kansu.

Wanda bai iya iyo ba kada ruwa ya wuce masa gwiwa, wanda ya iya kada ya wuce ƙugu. Ba a juya wa igiya baya. Yashin ƙarƙashin ƙafa yana zaizayewa duk lokacin da ruwa ya koma, mutum na tsaye sai ya ji ƙasa ta gudu. Teku kuma yana cika yana janyewa sau biyu a yini da dare, kusan kowace awa shida yana juyawa, saboda haka inda ya kai maka gwiwa da hantsi zai iya kai maka wuya da la'asar, dutsen da ka hau da ƙafa kuma ruwa ya kewaye shi. Tufafi ma suna kashewa: jallabiya, zani da dogon hijabi suna shan ruwa su naɗe ƙafafu. Mace mai son shiga ta sa dogon wando da riga mai dogon hannu wadda ba ta da faɗi, da ɗankwali ɗaure tamau, ta tsaya a iya gwiwa. Yaro kuwa ya kasance inda hannunka zai kai gare shi, kuma a fayyace wane babba ne yake kallon yara a kowane lokaci; idan kowa ya zaci wani ne ke kallo, babu mai kallo. Bayan faɗuwar rana babu shiga ruwa ga kowa. Yawancin wuraren ba su da masu ceto.

Idan ruwa ya ja ka, kada ka yi kokawa da shi kana neman komawa gaɓa kai tsaye, gajiya ce take nutsar da mutum. Kwanta rigingine, ruwan gishiri yana ɗaga jiki fiye da na kogi, ka ɗaga hannu ɗaya ka yi kira. Hanyar ba ta da faɗi kuma ƙarfinta yana mutuwa bayan inda igiya ke fashewa. Yi iyo a gicciye, kana bin tsawon gaɓa, har ka ji jan ya sake ka, sannan ka bar igiya ta turo ka. Idan wani ne ruwa ya ja, kada ka faɗa hannu rabbana, haka ake rasa mutum biyu ko uku a gida ɗaya. Jefa masa abin da ke yawo a kan ruwa, jarkar lita 20 da babu komai a ciki an rufe bakinta ta isa, ka kira masu kwale-kwale. Lambar 'yan kwana-kwana 118 ce, 'yan sanda 117, jandarma 113. Wanda aka ciro ya sha ruwa a kai shi asibiti ko da ya miƙe yana magana, domin numfashi yakan rikice bayan wasu awoyi.

Yadda za a kashe Asabar

Da sassafe a tafi gangaren ruwan Lobe, kilomita 7 kudu da gari a kan hanyar Campo. Kogin yana zubowa daga kan duwatsu, tsayin kusan mita 20, ya faɗa teku kai tsaye, abin da ba kasafai ake gani a duniya ba. Yi ciniki da mai babur kan zuwa da dawowa, ka karɓi lambarsa, ka biya rabin farko kawai. Kafin ƙarfe tara wurin babu cinkoso, rana kuma ba ta yi zafi ba. Masu kwale-kwale za su kai ka gindin ruwan. Kafin ka taka jirgin a gama magana uku: kuɗin na mutum ɗaya ne ko na jirgin duka, minti nawa, kuma ina rigar kariya. Babu riga, babu hawa, musamman da yara. Waya ta shiga leda a ɗaure, feshin ruwan yana jiƙa komai. Za a yi maka tayin hawa kogin zuwa matsugunan ƙabilar Bagyeli na cikin daji. Yana cin awa biyu zuwa uku, mai yini ɗaya ya bar shi.

Daga nan sai wurin saukar kifi na Mboa Manga, a bakin Kienke. Laraba da Asabar ne masunta suka fi dawowa, shi ya sa Asabar ta dace. Tsarin wurin shi ne ka sayi ɗanyen kifi da kanka, ka miƙa wa matan da ke gashi a gefe, kuɗin gashi daban. Kifi mai kyau idonsa garau yake a kumbure, ƙarƙashin kunnensa ja wur, idan ka danna tsokar da yatsa sai ta dawo. Ido ya shige ciki, kunne ya koma ruwan ƙasa, ka wuce. Waɗanda suke kira bar, sole da capitaine su ne suka fi daɗin gashi. Kilo ɗaya yana isar manya biyu. Farashin farko na baƙo ne, ka zaga teburi uku kafin ka taya. Wurin mai gashi a yanke kuɗin aiki da na abin haɗawa tun kafin kifi ya hau wuta, soyayyar agada ce ko sandar rogo da suke kira bobolo, ka kuma ce a sa yaji a gefe. Ka ƙirga kifinka a gabanta. Gashin yakan ɗauki minti talatin zuwa arba'in da biyar.

Jatan landen Kribi sananne ne, a Lobe ma ana soya shi da tafarnuwa a bakin ruwa. A mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi, duk abin da ke rayuwa a teku halal ne, har da kaguwa. Abin lura biyu ne. Wanda bai taɓa ci ba ya fara da kaɗan, domin wasu jikinsu ba ya karɓa. Ƙaiƙayi, kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi na nufin asibiti nan take. Na biyu, a gidajen abinci na gari ana dafa naman alade da naman daji, don haka a tsaya ga kifi, nama kuwa a nemi 'yan Arewa masu tsire, suna nan, su ne kuma za su nuna maka masallaci mafi kusa. Ruwan sha na kwalba kawai.

Da la'asar a zaga ta hasumiyar fitilar jiragen ruwa da Jamusawa suka gina a 1906, sannan a zauna a rairayin Ngoye. Kribi tana kusa da layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu, rana tana faɗuwa wajen shida da 'yan mintoci duk shekara, kuma cikin ruwan take faɗawa tunda teku yana yamma. Wannan ma yana taimakawa wajen alƙibla: ba teku baya, ka karkata hagu sosai, arewa maso gabas. Ruwan teku yana alwala, hadisi ya tabbatar da tsarkinsa. Fitilun da za ka hango can cikin ruwa da dare na jiragen mai da gas ne. Bututun da ya taso daga Doba a Cadi, kilomita 1,070, wanda ya fara aiki a 2003, a nan ya ƙare. Sabuwar tashar jiragen ruwa mai zurfi tana Mboro, kilomita 35 kudu, ta fara aiki a 2018, amma ba wurin yawon buɗe ido ba ce. Kada a ɗauki hotonta, ko na sojoji, ko na sansanin sojan ruwa. Masunta da mata masu gashi ma a nemi izininsu.

Sauro a Kribi ba shi da damina ba shi da rani. A shafa mai tun la'asar, a kwana cikin gidan sauro ko ɗaki a rufe. Zazzaɓin da ya taso mako ɗaya ko biyu bayan dawowa a je a yi gwajin maleriya. Tufafin da suka sha ruwan gishiri a ɗauraye su da ruwan famfo tun da rana. Ba za su bushe da dare ba saboda laima, abin da ya sa aka ce a zo da ledoji kenan.

Dawowa

Ranar Asabar da yamma ka je tashar mota ka sayi tikitin Lahadi, domin ranar ce duk baƙin ƙarshen mako suke fita lokaci ɗaya. Ka ɗauki motar da ke tashi tsakanin bakwai da tara na safe. Za ka shiga Yawunde wajen azahar, da ratar awa huɗu ko biyar kafin jirgi, kuma ratar ba ɓarna ba ce: mota ɗaya ta faɗi a hanyar Edea ta isa ta cinye awa biyu. Idan an iso lafiya, ga lokacin zuwa Briqueterie a ci abinci a yi salla, a kasance a tasha kafin biyar da rabi. Mai jirgin sama daga Duwala ya bar Kribi awa bakwai kafin lokacin tashinsa.

Tsaraba a sayi mai jure hanya: busasshen jatan lande, kifi mai hayaƙi wanda ya bushe ƙayau, kwakwa. A naɗe kifin da takarda sannan a sa a kwali, leda tana sa shi gumi ya yi fumfuna. Ɗanyen kifi zai yi fiye da awa ashirin da huɗu kafin ya ga firji a Ngaundere. Wanda ya nace sai ya sa a fede shi a wanke, a jera a kula mai kauri, kilo biyu na ƙanƙara ga kowane kilo na kifi, a zubar da ruwan a ƙara sabuwar ƙanƙara a Yawunde. Mai wucewa Garwa ko Marwa ta mota ya haƙura da ɗanye, ya sayi mai hayaƙi.